Tsohon soja ɗan kwangila: a nemi lauya tun kafin rigima ta taso

A cikin shekarar 2025, ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya da ke Abuja ta ga masu zanga-zanga iri biyu. Da farko tsofaffin sojoji ne suka tare ta suna neman haƙƙoƙinsu na ritaya. Wajen ƙarshen shekarar kuma ƙananan 'yan kwangila na cikin gida suka yi dafifi a wurin, suna kukan cewa sun kammala ayyuka amma ba a biya su ba. Akwai mutumin da yake da gurbi a cikin rukunan biyu: sojan da ya ajiye kaki, ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya yi wa ƙaramin kamfani rajista, ya shiga neman kwangilar gwamnati da zaton cewa nan ne zai ci moriyar sauran ƙarfinsa.

Irin wannan mutum ba baƙo ba ne a Suleja. Garin da ya bai wa babban birnin tarayya sunansa bayan dokar 1976, kuma ya zama masaukin farko na ma'aikatan da suka gina birnin, shi ne har yau mafakar waɗanda suke aiki a Abuja amma hayarta ta fi ƙarfinsu. Daga Madalla zuwa Kwamba, daga Maje zuwa Gauraka, akwai tsofaffin sojoji da tsofaffin ma'aikata da suka gina gidajensu, suke sammakon bin hanyar Zuba ɗauke da fayil, suna zaga ma'aikatu da hukumomi. Wani yana neman aikin gadi, wani kawo kujeru da takardun ofis, wani gyaran ajujuwa ko haƙa rijiyar burtsatse. Kusan dukkansu suna da akanta na wucin gadi da ke shirya musu takardun haraji, suna da wanda ke buga musu takardun neman aiki. Kaɗan ne daga cikinsu suke da lauyan da ya san kamfanin, yake duba takardunsa a kai a kai. Galibi sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada ake neman lauya, a lokacin da abin da zai iya yi bai wuce jaje ba.

Bariki daban, ofishin kwangila daban

Aikin soja yana koyar da ɗabi'un da kasuwanci yake matuƙar buƙata: kiyaye lokaci, juriya, da kammala abin da aka sa mutum. Amma yana koyar da wata ɗabi'a da take zama tarko a harkar kwangila, wato ɗaukar maganar na gaba a matsayin umarnin da ba a neman hujjarsa. Wanda ya yi shekara talatin yana jin "a yi" ya yi, da wuya ya dubi darakta ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini." Sai a ce masa ya ƙara ɗaki biyu a kan aikin da aka ba shi, ko ya soma aiki takarda tana nan tafe, shi kuma ya sara ya kama aiki da kuɗinsa. Ranar biya, daraktan an yi masa sauyin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma fayil kawai ya sani. Abin da ba ya cikin fayil, a idon gwamnati bai faru ba.

Cibiyar da ke Oshodi a Legas, wadda take horar da sojoji masu shirin ritaya, tana koya musu sana'o'i da dabarun gudanar da kasuwanci. Sai dai kwas na 'yan watanni ba zai mayar da mutum masanin dokar kwangila ba, kuma ba a tsammanin haka daga gare shi. A Amurka, majalisa ta yi doka tun 1999 wadda ta sa gwamnatin tarayya ta riƙa ƙoƙarin ba kamfanonin tsofaffin sojojin da suka samu nakasa a bakin aiki aƙalla kashi 3 cikin 100 na darajar kwangilolinta, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 5. Dokar Sayen Kayayyaki da Bayar da Kwangilolin Gwamnati ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a 2007, ba ta ware wa tsohon soja irin wannan kaso ba. Yana shiga fili ɗaya da kamfanonin da suke da sashen lauyoyi na kansu. Babu abin da zai kāre shi sai ƙa'idar da ke rubuce, ita kuwa ƙa'ida wanda ya san ta take yi wa aiki.

Takardun ƙofar shiga

Tun kafin a buɗe ambulan farashi ake zubar da yawancin ƙananan kamfanoni. Duk tallar neman 'yan kwangila da hukumar tarayya ta fitar tana jera takardu: shaidar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun hukumar fansho ta PenCom da asusun horar da ma'aikata na ITF ga waɗanda dokokinsu suka hau kansu, takardar asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da shaidar shiga rumbun bayanan Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli, BPP. Yawancinsu wa'adinsu yana ƙarewa ne da ƙarshen shekara. Takarda ɗaya da ta tsufa ta isa a ajiye kamfani a gefe, ko da farashinsa ya fi na kowa sauƙi. Mai aikin gadi kuma yana da ƙarin lasisi daga hukumar tsaron farin kaya ta Sibil Difens, a ƙarƙashin dokar kamfanonin gadi ta 1986, wadda ta hana masu gadi ɗaukar bindiga, ko da mai kamfanin ya yi rayuwarsa yana saɓe da ita.

Waɗannan sharuɗɗa ba sa zama wuri ɗaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, ta kuma sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni wasu nauye-nauye, amma ba ta ɗauke wajibcin miƙa bayanan shekara-shekara ba. A watan Yunin 2025 aka sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji. Wanda yake dogaro da abin da ya ji a majalisar shayi a kan waɗannan sauye-sauye yana tafiya ne da tsohuwar taswira. Lauyan da yake tare da kamfani tsawon shekara yana riƙe da jadawalin ranakun sabunta takardu, yana kuma sanar da mai kamfani idan ƙa'ida ta sauya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma batun wace doka ce take aiki. Ɗan kwangilar Suleja yana zaune ne a bakin iyaka. Yau yana neman aiki a ma'aikatar tarayya a Abuja, gobe a Minna ko a sakatariyar ƙaramar hukuma. Jihar Neja tana da tata dokar bayar da kwangila da tata hukumar, dabam da ta tarayya. Hatta a tarayyar ma, dokar 2007 a asalinta ta keɓe sayen kayayyaki na musamman da suka shafi tsaron ƙasa, sai in Shugaban Ƙasa ya amince a bi ta. Tsohon sojan da ya fi sakin jiki da ofisoshin tsaro, saboda nan ne yake da sanayya, ya kamata ya san tun farko wace ƙa'ida ce za ta tsaya masa idan aka samu saɓani.

Abin da ake sa wa hannu

Farin cikin samun takardar kwangila yakan hana karanta ta. Alhali a cikin yarjejeniyar ne ake yanke hukuncin riba ko asara. Dokar 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami da kashi 15 cikin 100, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30, amma ba a bayar da shi sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Banki kuwa ba ya tsaya wa mutum a banza. Sau da yawa takardar gida ce jingina. Mutum yakan sa hannu a wannan takarda bai san cewa ya ɗora gidan iyalinsa na Suleja a kan alƙawarin wata hukuma ba.

Sai batun farashi. Duk wanda ya karɓi aikin gini a farkon 2023 ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu da sakin darajar Naira a watan Yuni. Dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 cikin watanni, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, siminti da rodi suka bi sahu. Wanda yarjejeniyarsa take da sharaɗin sake duba farashi yana da madafa. Wanda tasa ta ce farashi tsayayye ne, ko dai ya ƙarasa aikin da kuɗin fanshonsa, ko ya bari a kira shi mai gudun aiki. Bambancin mutanen biyu layi uku ne a cikin takarda, waɗanda lauya zai gani cikin minti goma.

Babu wanda ya fi ƙarfin wannan darasi, har ita gwamnatin. Yarjejeniyar iskar gas da aka ƙulla da kamfanin P&ID a 2010 ta jawo wa Nijeriya hukuncin biyan Dala biliyan 6.6 a 2017, wanda da kuɗin ruwa ya kai wajen Dala biliyan 11, kafin wata kotu a Landan ta rushe shi a watan Oktoban 2023. In takarda ɗaya ta iya jijjiga baitulmalin ƙasa, me za ta yi wa garatutin samanja?

Mafi haɗari ita ce al'adar sayen takardar kwangila. Wani ya samu aiki da sunan kamfaninsa, ya sayar wa mai kuɗi a hannu, galibi sabon ɗan ritaya, a kan kaso. Mai saye ya yi aikin, amma ranar biya kuɗin asusun kamfanin da sunansa yake a takarda za su shiga, domin shi gwamnati ta sani. In mai kamfanin ya riƙe amana, to. In ya kashe waya, mai saye ba shi da wata alaƙa da hukumar da zai kai ƙara a kanta. Wani lokaci ma takardar ta bogi ce tun asali. Lauya zai tambayi abin da mai zumuɗi ba zai tambaya ba: aikin yana cikin kasafin kuɗi? An tallata shi? Hukumar ta yarda a rubuce a miƙa shi ga wani? Wa yake da ikon sa hannu a asusun da za a biya?

Agogon doka ba ya jira

Dokar 2007 ta ba ɗan kwangila haƙƙoƙi na gaske, amma kowanne da wa'adinsa. Sashe na 54 ya ce wanda yake ganin an zalunce shi wajen bayar da aiki ya rubuta wa babban jami'in hukumar, wato Babban Sakatare ko Darakta-Janar, cikin ranakun aiki 15 daga sanin abin da ya faru. Jami'in yana da ranakun aiki 15 ya ba da amsa. In ba a gamsu ba, akwai ranakun aiki 10 na kai kuka BPP, ita kuma ta yanke hukunci cikin ranakun aiki 21. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Ɗan kwangilar da ya ɓata wata biyu yana bin tsofaffin ogoginsa su sa baki, ranar da zai shiga ofishin lauya ƙofar ta riga ta rufe.

Haka batun biya. Sashe na 37 ya ɗauki duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya da tantance aiki a matsayin jinkirtacce, wanda ya cancanci kuɗin ruwa bisa adadin da yarjejeniya ta ambata. Amma daga wace rana za a fara ƙirga, in ba a buga wa kwafin takardar hatimin karɓa ba? Wasu hukumomi kuma dokar da ta kafa su ta wajabta a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu, in ba haka ba a kori ƙarar ba tare da an saurari gaskiyarta ba. Ko bayan nasara a kotu, Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotuna yana neman yardar Antoni-Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa shari'a da gwamnati doguwar hanya ce, kuma amfanin lauya mafi girma shi ne ya gina fayil mai ƙarfin da zai sa a biya ba tare da an je kotu ba, ko a warware a zauren sulhu, kamar yadda dokar sulhu da sasanci ta 2023 ta ƙara buɗe hanya.

Jinkirin biya yana da 'ya'ya. Mai siminti a kasuwar Suleja yana bin ɗan kwangila, leburori suna binsa, banki yana ƙirga ruwa. A cikin matsi sai ya rubuta cek ɗin da babu kuɗi a bayansa, bai san cewa dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu a kan hakan ba. Ko kuma mai bin bashi ya kai shi caji ofis, shi ma bai san cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai ba. Rashin sani a nan yana cutarwa ta fuska biyu.

Tarkon da ke kai mutum kurkuku

Wasu abubuwan da ake ɗauka a matsayin dabarar sana'a laifuka ne a Sashe na 58: shigar da kamfanoni uku na mutum ɗaya su yi takarar ƙarya, daddatsa babban aiki zuwa ƙanana don kauce wa iyakar amincewa, ko gabatar da takardar haraji ta jabu da wani ɗan-kama-wuri ya haɗa. Hukuncin wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne ba zaɓin tara. Kamfani kuma a hana shi kwangila na aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na darajar aikin, daraktocinsa su fuskanci ɗaurin shekara 3 zuwa 5. Daraktocin nan, a ƙananan kamfanoni, yawanci uwargida ce da babban ɗa, waɗanda aka rubuta sunayensu don cika fom. Mutumin da ya fita daga aikin soja da takardar sallama mai tsabta bai cancanci ya ƙare da jawo wa iyalinsa tuhuma a kan abin da ba su san hawa ba balle sauka.

Akwai kuma ranar da ba a son ambato. Mai kamfanin dattijo ne. In ya faɗi ciwo ko ya rasu alhali gwamnati tana riƙe da kuɗinsa, shi kaɗai ne mai sa hannu a banki, magada za su yi shekaru suna neman takardar izinin kula da dukiya. Tsara hannun jari, ƙara mai sa hannu na biyu, da rubuta basussukan da ake bin kamfani da waɗanda yake bi, aiki ne na rana ɗaya. Musulmi ya san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Neman a rubuta ba rashin yarda ba ne.

Abin da masu ja suke cewa

Hujja ta farko ita ce tsada: kamfanin da bai fi samun aiki biyu a shekara ba, ina zai samu kuɗin ajiye lauya? Tambaya ce mai nauyi. Amma ajiye lauya ba yana nufin ɗaukarsa aiki da albashi ba. Yarjejeniya ce ta shekara a kan ayyuka ƙayyadaddu: duba kowace takarda kafin sa hannu, kula da ranakun sabuntawa, rubuta wasiƙun neman biya, da amsa waya idan abu ya taso. Ƙananan kamfanoni biyar ko goma suna iya haɗa kuɗi su ɗauki ofishin lauya ɗaya, muddin ba takarar aiki ɗaya suke yi ba. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijiyon da reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya na Suleja suna iya zama su tsara hakan. A auna wannan kuɗi da asarar gida guda, a ga wanne ne mai tsada.

Hujja ta biyu ita ce a Nijeriya hanya ce take aiki, ba doka ba, kuma wanda ya zo da lauya ba zai sake ganin kwangila ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai hanya tana tafiya da mai ita: minista yana sauka, Babban Sakatare yana ritaya, fayil ne yake zama. Kuma lauyan kirki ba da barazana yake farawa ba. Wasiƙa mai ladabi da ta ambaci lambar kwangila, ranar kammalawa da sashen doka tana sauƙaƙa wa jami'in da yake son biya, domin ta ba shi abin da zai kafa hujja da shi a gaban mai binciken kuɗi.

Hujja ta uku ita ce ba kowane lauya ne ya san wannan fage ba. Haka ne. Gwanin shari'ar filaye ko ta aure ba lallai ya san dokar kwangila ba. Kafin a ƙulla, a tambaye shi ko ya taɓa rubuta ƙorafi a ƙarƙashin Sashe na 54, a kuma rubuta kuɗinsa da iyakar aikinsa a takarda. Wanda zai koya wa mutum rubuta yarjejeniya bai kamata a yi ta baka da shi ba.

Rabon ma'aikata da mataimaka

Wannan magana ta shafi waɗanda suke cikin ofis ta hanya biyu. Ta farko, su ne ɗaya ɓangaren teburin. Jami'in da ya ba da umarnin ƙarin aiki da baki, ko ya ce a fara kafin a tabbatar da kuɗi, ya saɓa wa dokar da ta ce kada a ƙulla kwangila sai an tabbatar akwai kuɗin biya, kuma hukuncin ma'aikaci ɗaurin aƙalla shekara 5 ne da kora daga aiki. Ɗan kwangilar da ya ce a rubuta masa yana kāre jami'in ne kamar yadda yake kāre kansa. Mataimakin da mai gidansa ya ce ya "duba wa" wani tsohon abokin aiki, taimako mafi girma da zai yi masa shi ne ya nuna masa tallar aikin da jerin sharuɗɗanta, ya ce ya kai wa lauyansa.

Ta biyu, ma'aikacin yau shi ne ɗan ritayar gobe. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci in ban da noma, dokar 2007 kuma tana neman mai neman kwangila ya yi rantsuwa ya bayyana ko wani jami'in kwamitin bayar da aikin yana da hannu a kamfaninsa. Wanda ya ɓoye kamfani da sunan ƙaninsa yana jiran ranar ritaya ya riga ya fara da ƙafar hagu. Wanda kuma yake shirin shiga harkar bayan shekara 35 na aiki ko cika shekara 60, ya ware kuɗin lauya a cikin jarin farko, kamar yadda zai ware na haya da na rajista.

Ma'aikatar Tsaro da BPP suna da rawar da za su taka: a saka darasin dokar kwangila a horon masu ritaya, a kuma samar da bayaninta cikin Hausa da sauran harsuna. Majalisa ma tana iya duba yiwuwar ware wa kamfanonin tsofaffin sojoji wani kaso na ƙananan ayyuka. Amma kafin a kai ga haka, kowane mai ƙaramin kamfani yana da abin da yake hannunsa: kada ya sa hannu a takardar da lauyansa bai karanta ba, kada ya ɗora bulo a kan umarnin baka, kada kuma ya miƙa wasiƙa ba tare da an buga masa hatimin karɓa ba.